Darasin Manoma: Kafin Ku Sayi Tsohuwar Tarakta

Darasinmu na wannan karo a kan tarakta yake. Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoman ƙasar Damagaram. Saboda haka mutum ɗaya mai hali, ko ƙungiyar manoma, sukan nemi tsohuwa, wadda ta yi aiki a hannun wani. Tsohuwar tarakta tana iya ciyar da gari, tana kuma iya cinye shanun mutum da rumbunsa. Ku karanta wannan darasi a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku ajiye alƙalami da takarda kusa, domin akwai lissafi a ciki.

1. Abin da ya faru a baya

Kayan noma na zamani ba baƙi ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1962 aka kafa UNCC, hukumar bashi da ƙungiyoyin manoma. A cikin shekarun 1970 aka yi aikin nan da ake kira 3M, watau Mirriya, Magarya da Matamai. An horar da manoma aiki da shanun huɗa. An ba su garma da amalanke bashi. A birnin Damagaram kuma akwai masana'antar UCOMA da ta riƙa ƙera irin waɗannan kaya.

Sai dai shekaru ba su zo daidai ba. An yi fari a 1973. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa, wadda da kuɗinta ake biyan bashi. A 1984 aka sake yin wani fari mai tsanani. Bashi mai yawa bai biyu ba, har asusun bashin manoma na CNCA ya durƙushe a cikin shekarun 1980.

Abin koyo a nan shi ne: bashi ba ya jiran damina mai kyau. Wanda zai sayi inji ya yi lissafinsa da shekara mai ƙarancin ruwa. In lissafin ya tsaya a shekarar wahala, to a shekarar albarka riba ce.

2. Tambaya ta fari: wace irin ƙasa gare ku?

Ƙasar jahar Damagaram iri iri ce, kuma kowace da abin da take so.

Jigawa. Yawancin gonakin hatsi rairayi ne. Iyayenmu suna shuka su da sungumi bayan ruwan fari, ba tare da huɗa ba. In aka bi jigawa da faifan tarakta kowace shekara, ƙasa takan yi laushi ƙwarai, iskar bazara ta kwashe ta, ta binne ƙaramin hatsi. Ga kuma itatuwa. Manoman Magarya, Matamai da Mirriya sun raya gawo miliyoyi a gonakinsu ta hanyar barin toho a lokacin sassabe. Gawo yana zubar da ganye da damina, yana ba ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Direban da bai kula ba yakan yanke ƙananan gawo da faifai cikin yini ɗaya. Gonar da itace ya yi yawa tana wahalar da babbar tarakta wajen juyawa.

Ƙasa mai tauri. Akwai wuraren da ƙasa ta daskare, ruwa ya gudu a kanta bai shiga ba. A nan tarakta tana da amfani sosai, domin tana fasa ƙasa, ruwa ya sauka. Manyan gonakin Damargu, wajen Tanut, suna da faɗi, itace bai yi yawa ba. Tarakta tana sakewa a can. Amma ruwan Damargu bai kai na kudu ba, hatsarin asara ya fi yawa.

Fadama. A kwarin Korama, wajen Matamai da Bande da Wacha, ana noman rake, rogo da kayan lambu. Filayen ƙanana ne, ƙasar kuma tana da danshi. Babbar tarakta takan kafe a ciki. Abin da ya dace da irin wannan wuri shi ne ƙaramin inji mai taya biyu, wanda mutum yake bi a baya yana riƙe da hannuwansa. Ƙarfinsa doki 8 zuwa 15 ne, kuɗinsa kuma bai kai rabin na babba ba.

Ku tuna da abu guda. Aikin da ya fi matse manomin hatsi shi ne noman fari da maimai, lokacin da ciyawa ta taso gaba ɗaya. In tarakta ta faɗaɗa muku gona ninki biyu, hannuwan da za su nome ta fa? Ku amsa wannan tambaya kafin ku ƙirga kuɗi.

3. Tambaya ta biyu: aikin zai ishe ta?

A nan, eka ɗaya tana nufin fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Shanun huɗa biyu sukan huɗe wajen kwatan eka a yini. Tarakta mai doki 70 da faifai takan gama eka ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. Manomi mai eka 4 ko 5, tarakta za ta gama masa cikin yini ɗaya, sauran kwanakin shekara ta zauna. Inji kuwa ko yana zaune yana cin kuɗi: taya tana tsagewa, batir yana mutuwa, bashi yana tafiya.

Ga misalin lissafi. Waɗannan kuɗi misali ne kawai. Ku tambayi farashin kasuwarku, ku sa naku a madadinsu.

A ce wata ƙungiya ta sayi tsohuwar tarakta da faifanta jika 7,000. A ce za ta yi musu shekara 7. To kowace shekara sai su ware jika 1,000, domin in ta mutu su iya sayen wata. A ce gyara da taya da batir suna cin jika 700 a shekara. Jimla jika 1,700. Wannan kuɗi dole ne, ko an yi aiki da yawa ko kaɗan.

Yanzu kuɗin eka ɗaya. A ce gazuwal lita 12, jika 8. Ladan direba jika 2. Baƙin mai da giris jika 1. Jimla jika 11. In ana biyan jika 20 a kan kowace eka, abin da ya rage jika 9 ne.

Ku raba 1,700 gida 9. Za ku samu wajen 190. Ke nan sai tarakta ta yi eka 190 a shekara kafin ta biya kanta. In tana yin eka 6 a yini, kwana 32 ke nan ba fashi, ba lalacewa. Alhali kowa ya sani in ruwan shuka ya sauka, a Yuni ko farkon Yuli, kowa yana son a yi masa a cikin mako guda.

In ƴan ƙungiyar su 30 ne, kowa da eka 4, eka 120 ke nan. 120 sau 9 ya ba da jika 1,080. Saura jika 620 babu. Daga ina za su fito? Daga aikin rani: kai taki gona, ɗauko dammunan hatsi da kara, kai rake kasuwa, jigilar yashi da tubali, juya injin sussuka. Saboda haka tarakta ba tare da tirela ba rabin tarakta ce. Ku sa kuɗin tirela a lissafi tun farko.

In lissafinku bai tsaya ba, babu kunya. Ku yi hayar tarakta ranar da kuke bukata, ko ku sayi shanun huɗa. Shanu suna ba da taki, suna jan amalanke, kuma bayan shekara uku ko huɗu a sayar da su fiye da yadda aka saye su. Tarakta kuwa kullum daraja take ragewa.

4. Wace iri za a zaɓa?

Doka ta fari: ku sayi irin da bakaniken yankinku ya sani, wadda kayan gyaranta suke kusa. Tarakta mai kyau wadda babu kayanta a Damagaram, Maraɗi ko Kano, ƙarfe ce kawai. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne. In ƙaramin abu ya lalace a tsakiyar shuka, kwana biyu ko uku sun isa a samo shi. In kuwa sai an aiko daga Turai, damina ta wuce.

Massey Ferguson, ja ɗin nan, ita aka fi sani a ƙasar Hausa. Mai lamba 135 da mai lamba 165 an ƙera su daga 1964 zuwa 1975. Mai 135 tana da doki wajen 45, injinta na Perkins mai silinda uku. Mai 165 tana da doki wajen 60. Suna da sauƙin gyara, amma ku tuna kowace ɗaya daga cikinsu ta kai shekara 50 a duniya. Bayansu akwai 265, 290 da 375, masu doki 60 zuwa 80. Kamfanin Millat na ƙasar Pakistan yana ƙera Massey Ferguson, abin da ya sa kayan gyaranta suke da yawa da sauƙin kuɗi.

Za ku ga tsofaffin Fiat da Steyr da suka fito daga Nijeriya, domin a da an harhaɗa Fiat a Kano, Steyr kuma a Bauchi. Akwai Mahindra da Sonalika na Indiya, da YTO ta ƙasar Sin. Ko wace ce, ku fara zuwa shagon masu sayar da kayan gyara. Ku tambaya: akwai matatar mai? Akwai faifan kuloci? Akwai zoben fistan? In an ce sai an nema, ku bar ta.

Game da girma: doki 45 zuwa 50 ya isa jan tirela, sussuka da ƙaramin faifai a ƙasa mai laushi. In za ku yi wa mutane aikin haya a ƙasa mai tauri, ku nemi doki 65 zuwa 80. Wadda ta wuce haka tana shan mai da yawa, tayarta kuma tsada. Ku guji sababbin samfurin Turai masu kwamfuta a ciki. Ƙurarmu da zafinmu suna ɓata su, kuma sai da na'ura ta musamman ake gane ciwonsu.

5. Yadda ake duba ta

Ba a cinikin biri a sama. Kada ku biya ko dala ɗaya a kan hoton da aka nuna muku a waya. Ku je da kanku, tare da bakanike naku, wanda ku kuka biya shi, ba na mai sayarwa ba. Ku je da sassafe. Ku ce kada a tayar da ita kafin ku zo. Ku taɓa injin da hannu, ku tabbata da sanyinsa, domin inji mai ciwo in ya yi zafi yakan ɓoye ciwonsa.

Kafin a tayar:

a) Ku zaro ƙarfen awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa yana shiga inji. Gyara ne babba.

b) Ku buɗe murfin lagireto. In mai yana yawo a kan ruwa, ciwon ɗaya ne.

c) Ku buɗe matatar iska. In ta cika da ƙura, ko ta yage, ko babu ita sam, to injin ya sha rairayi. A ƙasarmu rairayi shi ne babban mai kashe inji.

d) Ku durƙusa ku duba ƙarƙashi. Ku nemi yoyon mai, da wurin da aka yi walda a jikin inji ko gidan giya. Sabon fenti yakan rufe tsaga. Ku goge da tsumma ku duba da kyau.

e) Ku duba tayoyin baya. Su ne masu tsada. In haƙoransu sun cinye, ko gefensu ya tsattsage, ku tambayi kuɗin sababbi biyu, ku cire daga farashi.

f) Ku karanta agogon awa. Injin da aka kula da shi yakan yi awa 8,000 zuwa 10,000 kafin a sauke shi a yi masa babban gyara. Amma agogo yakan mutu, kuma ana iya canza shi. Ku dubi matakin birki da na kuloci. In ƙarfen ya side sumul, agogo kuma yana nuna awa 2,000, to agogon ƙarya yake yi.

Bayan an tayar:

a) Ta tashi da kanta, da makulli. Wadda sai an tura ta, akwai magana.

b) Ku dubi hayaƙi. Hayaƙi kaɗan da farko ba kome. Shuɗi wanda bai daina ba, inji yana ƙona baƙin mai, zobba sun cinye. Fari wanda bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ko famfon mai. Baƙi ƙirin, nozul ne ko matatar iska, kuma wannan ya fi sauƙin gyara.

c) Ku buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi kamar zugar maƙera, injin ya gaji.

d) Ku saurara. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma, alama ce ta babban ciwo.

e) Ku ɗaura faifai a hannuwan baya. A ɗaga shi sama, a kashe inji. In ya sauko ƙasa nan da nan, famfon ɗagawa ko robobinsa sun gaji. In yana rawa yayin ɗagawa, haka nan.

f) Ku gwada sandar nan ta baya mai juyawa, wadda take juya injin sussuka. A yawancin taraktoci tana juyi 540 a minti. Ta kama lafiya, ta kuma tsaya in an tsayar da ita.

g) A shiga kowace giya, gaba da baya. Giyar da take fita da kanta ciwo ce. A taka birkin dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya. A juya sitiyari a ga ko yana da wasa da yawa.

Daga ƙarshe ku kai ta gona. Ta ja faifai awa ɗaya cur a ƙasa mai tauri. Ku dubi allurar zafi. Ku cika tanki kafin aiki, ku sake cika shi bayan aiki, ku rubuta lita nawa ta sha. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya gaya muku gaskiya.

6. Ciniki da takardu

Lokacin saye shi ne bayan kaka, zuwa tsakiyar rani. A lokacin masu nema ba su da yawa, kuma kuna da watanni na gyara. Wanda ya je nema a watan Mayu, da hadari a sama, zai saya da tsada, ya kuma saya da gaggawa.

Kada ku zuba duk kuɗinku a saye. In kuna da jika 10, ku saya da 8, ku ajiye 2 domin gyaran farko da man farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kowace tarakta tana da lamba a jikinta, injin ma da tasa. Ku karanta su, ku gwada da abin da aka rubuta a takarda. In an kankare lamba, ku tashi ku tafi. In daga waje ta shigo, ku nemi takardar duwan. Ku yi takardar ciniki: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, lambobin, kuɗin, ranar, da kayan da suka biyo ta. Shaidu su sa hannu, a gaban mai gari ko a ofishin magajin gari. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa.

In bashi za ku ci, daga bankin manoma na BAGRI ko wani asusu, ku tambayi abu uku: nawa ne ruwan kuɗin, wane wata ake biya, me zai faru in damina ta ɓaci. Malamin gona na gundumarku zai taimake ku karanta takardar kafin ku sa hannu.

7. In ta ƙungiya ce

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kayan jama'a yakan rasa mai kula. Taraktocin ƙungiya da yawa rashin tsari ne ya kashe su kafin tsufa. Ku rubuta dokokinku tun kafin ta iso gari:

Direba ɗaya tak, wanda ya koya. Ba ɗan kowa ba ne zai hau.

Kowa ya biya kafin a shiga gonarsa, har shugaba, har mai gari.

A yi ƙuri'a a kan wanda za a fara yi wa aiki. Wanda ya zo ƙarshe bana ya zo farko baɗi.

Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. A littafin a rubuta kowace rana: gonar wa, eka nawa, lita nawa, kuɗi nawa. A nan ne karatun da kuka yi zai yi muku rana. A karanta littafin gaban kowa sau ɗaya a wata.

8. Kulawa da tsare rai

Kowace safiya direba ya duba baƙin mai, ruwa da matatar iska. A canza baƙin mai da matatarsa bayan kamar awa 250 na aiki. Ku sayi gazuwal mai tsabta. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewa da birnin Damagaram take tace mai. Man bakin hanya da ya sha ƙura ko ruwa yana kashe famfon mai, kuma gyaransa ya fi rangwamen da kuka samu. Ku tace mai da ƙyalle mai tsabta. Ku yi mata rumfa, domin rana tana cin taya.

Tarakta kujera ɗaya gare ta. Kada a ɗora yara a kan murfin taya. Kada a kusanci sandar baya mai juyawa da babbar riga ko rawani, takan naɗe mutum kafin ya yi ihu. In za a ja kaya, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura a sama, gabanta yakan tashi ta kife a kan direba. A gefen tudun rairayi da bakin kwari a tafi a hankali.

9. Tambayoyi domin tattaunawa

Ku zauna tare da ƴan ƙungiyarku ku amsa waɗannan:

1. Gonakin garinku jigawa ne, ƙasa mai tauri, ko fadama? Wane inji ya dace da su?

2. Nawa ake biyan eka ɗaya a garinku bana? Ku sa wannan kuɗi a lissafin sashe na 3. Eka nawa kuka samu?

3. Wane aikin rani tarakta za ta samu a garinku?

4. Me hayaƙi shuɗi yake nunawa? Me baƙin mai fari-fari yake nunawa?

5. Ina ne shagon kayan gyara mafi kusa da ku, kuma kayan wace iri yake sayarwa?

6. Yaya za ku tsare ƙananan gawo in tarakta ta shiga gona?

Ku rubuta amsoshinku a littafin ƙungiya, ku nuna wa malamin gona kafin ku tafi ciniki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga asara. Amin.